Wasiƙa daga Jamus: iyo, keke da gudu a yini guda

Nuremberg, Jamus

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ya iyali, ya kasuwa, ya kuma damina? Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maman Walid da yara suna gaishe ku.

Saƙon muryarka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe, har wurin da kake cewa mutum da hankalinsa da iyalinsa ya biya kuɗi don a wahalar da shi. Na san hoton nan na gasar iyo, keke da gudu da na shiga, wanda Walid ya tura zauren dangi, shi ne ya tayar wa Hajiya da hankali. A waya ba za ka bar ni in kai aya ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta mata, amma in ka zo wurin ruwa ka sassauta.

Gasar a wani ƙaramin gari ake yin ta, Roth, kudu da mu kaɗan, kowace shekara idan zafi ya shigo. Abu uku ne a jere: iyo na kilomita 3.8, sai keke kilomita 180, sai a sauka a yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da ɗan ɗori. Duka duka 226, kusan Kano zuwa Kaduna ke nan. Agogo ba ya tsayawa, ko takalmi kake ɗaurawa yana tafiya, kuma awa 15 aka ba mutum. A jihar Hawai ta Amurka aka fara wannan haukar a 1978, mutum 15 suka shiga, 12 suka gama, na ɗayansu ya yi kusan awa 12. Yanzu kuwa a nan Roth, a 2024, wani ɗan Danmak, Magnus Ditlev, ya gama a awa 7 da minti 23, wata Bajamushiya, Anne Haug, ta gama a awa 8 da minti 2. Su sana'arsu ce. Mu sauran dubbai don sha'awa muke yi: malaman makaranta, kanikawa, ma'aikatan jinya, har da masu jika.

Ka tambayi abin da ya kai ni. Ka san abin da ya kwantar da Baba, Allah ya jiƙansa. Da likita ya auna jinina, bai ɓoye mini komai ba: aikin zama, ga teɓa, ga gado. Akwai kuma abin da ban cika faɗa muku ba. Lokacin sanyi a ƙasar nan tun kafin biyar na yamma duhu ya rufe, daga aiki sai gida, maƙwabcinka ma a jikin akwatin wasiƙa kake sanin sunansa. Bajamushe ba ya buɗe maka ƙofa a kan titi, a ƙungiyar wasanni yake buɗewa. Can na samu mutane. Iyo kuwa, ka tuna Hajiya ko bakin kududdufi ba ta yarda mu je ba, don haka da gemuna na koya, a layi ɗaya da yara, wani tsohon ma'aikacin gidan waya yana tsaye a kaina yana ta cewa in fesar da numfashi a cikin ruwa. Da azumi sai bayan tarawihi nake hawa keken da aka kafe a ɗakin ƙasa, in yi ta tuƙi ina kallon bango.

Ranar gasa tun cikin dare na yi asuba, don a wannan lokacin daren gajere ne, magariba sai bayan tara. Iyon a mashigin ruwan da aka haƙa ake yi, wanda ya haɗa kogin Main da na Danube, aka kammala shi a 1992. Jiragen dakon kaya ne ke bin sa, amma ranar ana tsayar da su. Gadar da ke sama cike take da jama'a tun da sanyin safiya. Ana sakin mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da ƙarar igwa. Ruwan kore ne, ba ka ganin tafin hannunka. Ba mu yi nisa ba wani ya ba ni dunduniya a fuska, tabarau ya goce, na kwankwaɗi ruwa. Ƙirjina ya ɗaure. Na juya rigingine ina kallon sama, na yi hasbunallahu, na gyara tabarau, na jira numfashi ya dawo, sannan na koma gefe inda babu cunkoso. Ka gaya wa Hajiya gaɓa tana kusa, ga masu ceto a ƙananan kwale-kwale ko'ina. Bayan kusan awa ɗaya da rabi wasu samari suka kamo hannuna suka jawo ni waje, ƙasa tana juya mini.

A keke doka ta hana ka laɓe a bayan wani don ya tare maka iska; sai ka bar tazarar mita 12, alƙalai suna zagayawa a kan babur, wanda suka kama su ɗaga masa kati ya je ya tsaya a tanti. Ba a yarda wani naka ya miƙo maka ko ruwa ba, taya ta yi faci kai za ka sauka ka gyara. Kuma dole ka yi ta ci kana tuƙi, ko kana jin yunwa ko ba ka ji. Su wani abu mai kauri mai zaƙi suke tsotsa daga 'yar leda. Ni na haɗa da dabino da gishiri a aljihun baya.

Zagaye biyu ake yi. Akwai hawa mai tsauri a Greding, amma wanda kowa ke zancensa shi ne tudun Solar a Hilpoltstein. Yaya, tun kafin ka sha kwana kake jin gurnanin mutane. Kana shigowa sai ka ga babu hanya, jama'a sun cika titi makil, sai kana isowa suke darewa, su bar maka dai dai faɗin keke ɗaya. Ga ganguna, ga ƙararrawar shanu, wani yana bubbuga maka baya, sunanka yana rubuce a jikin lambarka suna kira suna ɓata shi. Ba ka isa ka wuce kowa ba, ba ka isa ka tsaya ba. Ban san lokacin da na hau tudun ba, sai da na kai sama na ji fuskata a jiƙe, kuma ba gumi kaɗai ba ne. Zagaye na biyu labari ya sha bamban: iska ta taso, wuya ya ƙage, mazaunai sun gaji da sirdi.

Wajen uku da rabi na sauka. A nan na yi azahar, tunda na san ita za ka fara tambaya. Tun jajibiri na duba alƙibla, kudu maso gabas, don ba a shiga gasa da waya. Na yi alwala da ruwan gora, na shimfiɗa tawul a bayan tanti. Kuma wancan matsattsen kaya da ka yi wa tsiya, na ɗora masa wando mai rufe gwiwa. Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai ta riƙe mini jaka tana tsaye har na sallame, ba ta tambaye ni komai ba, ta miƙo mini takalmi, ta shafa mini man kariyar rana a wuya. Ruku'u da ƙyar na yi shi. Sujada kuwa daɗinta ya sa na kusa ƙin tashi.

Gudun yawancinsa a bakin mashigin nan ne, hanyar tsakuwa miƙaƙƙiya, kana hango inda za ka amma ba ya matsowa. Rabin farko na yi shi da mutunci. Bayan nan ciki ya ƙi karɓar zaƙi, jijiyar cinya ta fara ɗaurewa, na koma tafiya ina jan ƙafa. Romo mai gishiri da kankana da lemon kwalba su suka tashe ni. Wani dattijo ɗan Sifaniya ya jero da ni, ba na jin yarensa ba ya jin nawa, sai ya nuna rumfar ruwa ta gaba da haɓa, mu ruga, mu sha, mu taka kaɗan, ni ma in nuna ta gaba. Haka muka haye tudun Büchenbach, wanda wani mugu ya ajiye a kusa da ƙarshe.

Na shiga filin ƙarewa bayan awa 13 da 'yan mintoci, na kuma riski la'asar kafin rana ta faɗi. Sun miƙo giyar nan tasu da suke cewa babu barasa, na ce a ba ni ruwan tuffa. Abin da ya fi burge ni shi ne jama'a ba sa watsewa don zakaru sun gama. Suna nan har dare suna jiran na ƙarshe, zakarun da kansu suke dawowa su rataya wa 'yan baya lambar yabo.

Washegari da baya da baya nake sauka daga bene, sallah a zaune, farcen ƙafa ya yi baƙi. Wai a wannan halin wasu suka kwana a layi don yin rajistar baɗi. Maman Walid ta dube ni sau ɗaya, ban ko tayar da maganar ba.

Awon jinina ya daidaita, alhamdu lillahi. Kai ma don Allah ka je a auna naka, ka daina cewa sai an jima, kuma masallacin Juma'a ba nisan da zai sa ka tayar da babur. Na tura kuɗin maganin Hajiya da na makarantar yara, ka sanar da ni idan sun shigo. In an samu mai zuwa a aiko mana da kuka da yaji da kuɓewa busasshiya; kilishi kar a sa, ba a yarda a shigo da nama ba, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, ta ci gaba da sa mana albarka. Ka gai da Anti da yara, da Kawu, da mutanen majalisa.

Wassalam.

Ƙaninka,
Habibu