Man itacen sida yana sanya natsuwa, amma ba shi ne likita ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ina fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan man ƙamshin nan na itacen sida, wanda wasu ke ce wa al'ul, da ake ta yayi yanzu wai yana kwantar da hankali. Ni dai na yi amfani da shi kusan wata takwas kenan, to ina ganin ina da bakin magana.

Bayan rasuwar mahaifina barci ya ƙaurace min, in na kwanta sai tunani ya yi ta zuwa wani kan wani, jikina na kan gado amma hankalina na can wani wuri daban, har wani abokina ya ga yadda na rame ya kawo min 'yar kwalba mai mililita 10 ya ce in riƙa ɗiga biyu a hankici ina shaƙa kafin in kwanta. Gaskiya na karɓa ne don kar ya ji ba daɗi. Ranar farko da na buɗe sai na ji ƙamshin fensir da aka fiƙe yanzun nan, wallahi kamar an ɗauke ni an ajiye a aji uku na firamare. Ashe ba kwatsam ba ne, irin itacen da aka tatso man nawa daga gare shi, Juniperus virginiana na gabashin Amurka, da shi aka daɗe ana yin fensir. Kuma hanci ba kamar ido da kunne ba ne, saƙonsa na tafiya kusan kai tsaye zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da tuna baya, shi ya sa ƙamshi kan taɓa zuciyar mutum tun kafin ya gane ma mene ne ya shaƙa.

Ya taimake ni? Eh, ya taimaka. Amma in zan faɗi tsakani da Allah rabin aikin ba man ne ya yi ba. Don in shaƙa dole in ajiye waya, in zauna wuri ɗaya, in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali har minti biyar ko goma, to wannan kaɗai ko ba mai zai sauke bugun zuciya. Da tafiya ta yi tafiya sai jikina ya saba, da na ji ƙamshin ya san lokacin sauka ya yi. Ba wai ina cewa man ba shi da nasa ba ne, akwai sinadari a cikinsa da ake kira sedrol, kuma a shekarar 2003 masu bincike a Japan sun shaƙa wa mutane masu lafiya shi suka ga bugun zuciya da hawan jini da saurin numfashi sun ɗan sauka. Sai dai mutanen ba su kai talatin ba, kuma lafiyarsu ƙalau, ba masu ciwon damuwa ba ne, wani gwajin kuma a kan ɓeraye aka yi. To ina hujjar da za a ce yana warkar da ciwon damuwa?

Abin da ya sa ma na ɗauki alƙalami kenan. Wata 'yar uwata da likita ya ɗora kan maganin damuwa, wani mai sayar da irin mayukan nan ya ce mata ta ajiye ƙwayoyin ai na Bature ne suna lalata jiki, ta riƙe man sida kawai. Ta kuwa bi maganarsa, sati biyu ba a rufa ba sai ga jiri ga rashin barci ga kuka ba dalili, sai da aka koma da ita asibiti. Irin waɗannan magungunan ba a yanke su rana ɗaya, likita ne ke rage su sannu a hankali. Haba jama'a, neman ciniki bai kai a yi wasa da ran mutum ba.

Sannan mutane da yawa ba su san me ke cikin kwalbar da suka saya ba, don sunan ɗaya ne amma itatuwan daban daban. Akwai na duwatsun Atlas a Maroko da Aljeriya, Cedrus atlantica, wanda shi ne dangin itacen da ke jikin tutar Lebanon, kuma tun 2013 aka sa shi cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Akwai na Himalaya, akwai na jihohin Bajiniya da Tekzas a Amurka waɗanda a ilimin tsirrai ba ma sida ba ne na asali, amma su ne suka fi sedrol ɗin da ake magana. Duka dai da tururi ake tatso man daga ɓarɓashin itacen. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne man ganyen sida, na itacen Thuja, wannan akwai sinadarin tujon a ciki mai guba da kan iya jawo farfaɗiya in an sha, kuma a ido kwalbarsu kusan iri ɗaya. Duk kwalbar da ba a rubuta sunan itacen na kimiyya a jiki ba ni dai ba na saye, ko da an cika ta da kirarin tsantsa ne ɗari bisa ɗari.

Wanda zai gwada, kar ya sha, kar ya shafa shi gaba-gaɗi a fata, ɗigo ɗaya ko biyu ake sawa a ƙaramin cokali na wani mai kamar na kwakwa ko zaitun, a fara gwadawa a hannu a jira kwana ɗaya a ga ko zai yi ƙaiƙayi. Ni na taɓa yin garaje na shafa a wuya haka nan, kwana biyu ina susa. In na'urar fesa ƙamshi ce minti talatin ya isa, a bar taga a buɗe. Mai ciki da mai asma da ƙananan yara a tambayi likita tukuna, mai kyanwa a gida kuma ya kula don hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan mayukan.

Roƙona Malam Edita, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ko masanin harhaɗa magunguna ya yi mana bayani a shafinku na lafiya, don masu talla sun riga mu yin nisa. 'Yar uwar tawa ta koma kan maganinta, jiki da sauƙi alhamdulillahi, har ma ta aro kwalbata tana shaƙa da daddare bayan ta sha ƙwayarta, har yau ba ta dawo min da ita ba.

Naka mai karatu a kullum.