Wasiƙa zuwa ga Iliya a kan shinge

Ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta ce an ba ka kula da ikilisiya, kuma za ka yi wa'azi a kan Afisawa 2. To, ga abin da nake so ka riƙe kafin ka tsaya gaban jama'a.

Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita a aya ta 14 ita ce phragmos, wato shinge ko danga. Sau 4 kacal ta fito a Sabon Alkawari. A Matiyu 21:33 da Markus 12:1, mai gonar inabi ne ya kewaye gonarsa da ita, kuma wannan shingen alheri ne. A Ishaya 5:5 ma, cire shingen gona hukunci ne, domin a nan dabbobi ke samun hanyar ɓarna. Kai ma ka kafa naka. Kada ka ƙirga kuɗin baiko kai kaɗai, kada kuma ka saurari damuwar matar wani a ɗaki ƙofa a rufe.

Amma shingen da Bulus ya ce Almasihu ya rushe daban ne. A Haikalin Urushalima akwai wata gajeriyar katangar dutse da ta tsare Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a farfajiyar waje. An kafa mata duwatsun gargaɗi da Helenanci da Latin, cewa baƙon da ya ƙetare shi ya jawo wa kansa mutuwa. A 1871 wani Bafaranshe, Clermont-Ganneau, ya gano ɗaya daga cikinsu, yana nan a gidan tarihi na Istanbul. Bulus ya san zafin wannan katanga a jikinsa: Ayyukan Manzanni 21 ta nuna an yi masa duka a kan zargin ya shigar da Tarofimas Haikali, shi kuwa Tarofimas mutumin Afisa ne. Masana da yawa na ganin wannan katangar ce a ran Bulus a aya ta 14, ko da yake aya ta 15 a kan dokokin Shari'a take magana. Ka faɗa wa jama'a duka biyun, kada ka zaɓi mai daɗin wa'azi kawai.

Abin da ke damuna shi ne, majami'unmu ba su da dutsen gargaɗi amma baƙo yakan gane iyakarsa. Dattawa duk yare ɗaya, sanarwa da yaren gida, wanda ya zo daga wani addini kuwa a shekara goma ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. A Luka 14:23 har gindin shingaye maigida ya aiki bawansa ya kawo mutane biki. Ran Lahadi ka duba su wa ke zama a bencin baya, ka tambayi sunayensu, cikin mako ka je gidajensu.

Mahaifiyarka na gaida Rahila da yara. Za mu aiko da dawa idan an samu mota.

Mahaifinka