Zuwa ga 'Yata, Kan Wutsiyar da Ake Liƙa wa Adireshin Talla

Assalamu alaikum 'yata,

Ina fatan kina lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Tun jiya da muka ajiye waya maganarki ba ta bar zuciyata ba. Kin ce shugabanku ya tambaye ki wace talla ce take kawo masu saye, kika buɗe rahoto kika tarar an tara yawancin maziyartan a layi ɗaya na waɗanda suka shigo kai tsaye, kika rasa ta cewa. Na ji yadda muryarki ta yi sanyi. A waya ba na samun natsuwar yin bayani, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Idan mutum ya danna mahaɗi a wani shafi ya faɗo naku, sau da yawa burauzarsa takan gaya wa shafinku daga inda ya taso. Amma in daga WhatsApp ya danno, ko daga manhajar imel, ko daga cikin takardar PDF, ko lambar QR ya haska da wayarsa, galibi ba ta faɗin komai. Google Analytics kuwa, wato manhajar da take ƙirga muku maziyarta, in bai san mafitar mutum ba sai ya lissafa shi tare da waɗanda suka rubuta adireshin da hannunsu. Saboda haka mai yiwuwa ne tallarki tana aiki sosai, shaida ce kawai ba ki da ita.

Shaidar ke za ki liƙa ta da kanki. A ƙarshen adireshin shafin sai ki sa alamar tambaya, ki biyo ta da 'yan kalmomin da za su raka duk wanda ya danna. Ni wutsiya nake kiranta, masu sana'ar kuma UTM suke cewa. Harafin farko daga sunan Urchin ya fito, wani kamfani ne da Google ya saya a 2005, kuma a kan manhajarsa aka gina Google Analytics a wannan shekarar. A watan Yulin 2023 tsohon Analytics ya daina karɓar bayanai aka koma sabuwar sigarsa mai suna GA4, abubuwa da dama suka sauya, amma wutsiyar nan tana nan yadda take. Abin da kika koya a kanta ba zai tsufa da wuri ba.

Gaɓoɓinta biyar ne na asali, uku daga ciki kada ki taɓa barin su. A utm_source kike rubuta wurin da kika ajiye mahaɗin, misali facebook. A utm_medium kike faɗin irin hanyar, ko talla ce ta kuɗi (cpc ake rubuta mata), ko imel, ko rubutu a dandalin sada zumunta. Shi kuma utm_campaign sunan kamfen ɗin ne. Alamar & ce take raba su, kamar haka: ?utm_source=facebook&utm_medium=cpc&utm_campaign=sabon_kaya. Sauran biyun, utm_term na kalmomin bincike ne da aka biya wa kuɗi, utm_content kuma yana da amfani ranar da kika fitar da hoto biyu a talla ɗaya kina son sanin wanne ya fi jan hankali. Google yana da shafi na kyauta mai suna Campaign URL Builder da yake harhaɗa miki duka, ki riƙa amfani da shi don hannu yakan yi tuntuɓe.

Sunan kamfen ki sa shi da duk harshen da kika ga dama. Amma a utm_medium ki tsaya kan kalmomin da Analytics ya sani, irin su email da cpc da social, domin da su yake rarraba maziyarta rukuni-rukuni. In kika ƙirƙiro naki, mutanen na iya ƙarewa a rukunin da bai san inda zai ajiye ba, kin ga an gudu ba a tsira ba.

Yanzu ga inda nake son ki ba ni hankalinki duka. Na'ura ba ta san cewa Facebook da facebook da fb abu ɗaya ne ba. Babban baƙi da ƙaramin baƙi daban take ɗaukar su, sai ta buɗe wa kowanne layinsa. Ku uku kuke fitar da talla a ofishinku, kin ce. In kowa ya rubuta yadda ya zo masa a rai, nan da wata uku alƙalumanku sun tarwatse, kuma abin da ya riga ya shiga rahoto ba ya komawa a sake rubuta shi. Ki buɗe jadawali ɗaya da ku duka za ku iya gani. Duk mahaɗin da za a fitar a fara shigar da shi can, da ranar, da wanda ya haɗa shi, da inda aka liƙa shi. Ku yi ittifaƙi kan ƙananan baƙaƙe zalla, kuma kada a bar fili tsakanin kalmomi, don fili yakan rikiɗe ya zama %20 ya ɓata adireshin. Na san aiki ne marar daɗi, babu mai yaba miki a kansa. Ki yi shi duk da haka, tun yanzu da mahaɗan ba su yi yawa ba.

Bari in ba ki labarin kuskurena, wanda har yau yake min ciwo. A wani wuri da na yi aiki, na sa wutsiya a kan hoton da ke shafinmu na farko, wanda yake kai mutum shafin kaya, don in san masu danna shi. Ashe duk wanda talla ta kawo, da zarar ya danna hoton sai sabuwar wutsiyar ta danne ta farko. Rahoto ya nuna kamar hoton ne yake kawo ciniki, tallar da ake kashe wa kuɗi kuma ba ta tsinana komai. Aka dakatar da ita bisa maganata, ciniki ya ja baya, kuma na ɗau makonni kafin na gano ni na jawo. Wutsiya ta mahaɗan waje ce kawai, masu kawo mutum daga wani wuri zuwa gare ku. Daga shafinku zuwa shafinku ba a sa ta.

Kafin ki saki kowane mahaɗi ki danna shi da wayarki, ki duba ko wutsiyar ta iso tare da ke, don wasu shafukan in suna tura mutum sabon adireshi sukan yar da ita a hanya. In ya yi tsawo ki gajarta shi da irin su Bitly. Tallar Google Ads tana da nata tambarin da take liƙawa da kanta, gclid, in an kunna shi ba sai kin wahala ba.

Kada ki taɓa sa sunan mutum ko lambar wayarsa ko imel ɗinsa a cikin wutsiya. Ƙa'idar Google ta hana, kuma ko ba ta hana ba, adireshi a fili yake, ana kwafarsa ana tura wa wasu. Wanda ya ba ku lambarsa amana ya ba ku.

Wannan kwafar ma tana da wata fuska da nake son ki riƙe ranar gabatar da rahoto. Mace ta samu imel ɗinku, ta kwafi mahaɗin ta tura wa ƙawayenta a WhatsApp, su goma suka danna: duka za a rubuta su a matsayin imel. Wani kuma ya ga tallarki sau biyar bai danna ba, daga baya ya nemo sunanku a Google ya saya, tallar ba ta samu ladan ko ɗaya ba. Wutsiya tana faɗa miki ƙofar da mutum ya shigo, ba ta san abin da ya taso shi ba. In shugabanku ya sake tambaya, ki nuna masa abin da alƙaluman suka tabbatar, ki kuma faɗa masa inda ganinsu ya tsaya. Za ki ji sha'awar ɗaga yawan dannawa don shi ne babban adadi, mai daɗin nunawa. Ki haɗa shi da yawan waɗanda suka saya ko suka yi rajista, ko da adadin ya fito ƙarami.

In kin tsara jadawalin ki turo min in duba miki sunayen kafin ku fara aiki da shi. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki kira ta ranar hutu. Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a aikinki.

Ni ne naki,
Babanki