A Daina Karya Gwiwar Masu Jego

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A gidajenmu na Zariya, da jariri ya yi kuka sai surukai su ce wa mai jego nononta bai ishe shi ba, ita kuwa da zarar shakka ta shiga zuciyarta sai ta koma ba shi ruwa da koko. Alhali yawan tsotso ne ke kawo nono, kuma idan tsotso ya ragu nonon ma yakan ragu, har a kai ga yaye da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Ina roƙon ma'aikatan awo na Tudun Wada da Samaru su riƙa gayyatar kakanni, domin a ɗakin jego maganarsu ake bi.

Taku,
Wata ungozoma, Zariya