Yaron da alwala ba ta ƙare masa: muna neman shawarar Likita

Assalamu alaikum Likita, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya jama'a? Mu wasu ma'aikatan jinya ne da malaman sakandare a cikin garin Sakkwato, masu sauraron shirinka kowane mako. Abin da ya sa muka rubuto shi ne cutar waswasi a tsakanin yara da matasa, wadda likitoci ke kira OCD.

Abu biyu ne ke haɗuwa a cikinta: tunanin da ke faɗo wa yaro ba da sonsa ba ya tayar masa da hankali, sai kuma aikin da yake maimaitawa don ya samu sa'ida. Wannan sa'idar ce ke ƙara ɗaure shi, domin duk maimaitawa tana tabbatar wa zuciyarsa cewa da bai yi ba, da wani mugun abu ya faru. A nan wajenmu yawanci ta kan tsarki da salla take ɓullowa. Za ka ga ɗan shekara 12 ya tsuguna bakin famfo ya ƙarar da buta uku, an tayar da iƙama yana nan yana sake wanke gwiwar hannu. Da hunturu bayan hannunsa duk ya tsattsage har jini na fita. Wata kuwa kabbarar harama za ta yi ta maimaitawa, ko ta riƙa goge layi ɗaya har takarda ta huje. Idan abin yana cinye fiye da awa ɗaya a yini, ko ya hana karatu da barci, to ya wuce taka-tsantsan.

Mun san maganin farko shi ne horar da yaro ya fuskanci abin da yake tsoro ba tare da ya maimaita ba. A zauna da shi a rubuta abubuwan da ke damunsa, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda yake tayar masa da hankali. A fara da mai maki 3 ko 4. Misali ya wanke gaɓa sau uku, ya ajiye buta, ya tashi, ya zauna da damuwar har ta lafa da kanta. Ya yi haka kullum, sai makin ya sauka a hau mataki na gaba. Yawanci ana bukatar zama 12 zuwa 20, mako-mako.

A gida ne aikin ke lalacewa. Yaro zai tambayi uwarsa "Inna, alwalata ta yi?" sau ashirin, ita kuma don tausayi ta amsa duk ashirin ɗin, ta ƙaro masa ruwa. Amsar tata ta zama wani maimaicin ke nan. Uba kuwa sai ya ɗauka iskanci ne ya sa bulala, yaron ya koma yi a ɓoye. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, da zarar an ce yaro ya tashi da shakkarsa ya yi salla, sai wasu iyayen su ce ana koya masa wasa da ibada. Alhali ko a Ahalari da yaranmu ke karantawa a Islamiyya an ce mai waswasi ya bar waswasin, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi sujada bayan sallama. Ba mu hana addu'a da ruƙiyya ba, amma muna ganin kuskure ne a tsaya a kansu kaɗai shekara da shekaru.

To Likita, da wane lafazi uwa za ta daina amsa tambayar ba tare da yaron ya ji an yi watsi da shi ba? A yanke lokaci guda ne, ko a rage zuwa sau uku a yini, sannan sau ɗaya? Kuma ya dace a gayyato malamin Islamiyyar yaron zaman farko, ya faɗi hukuncin sau ɗaya tak? Tsoronmu kada malamin ya zama sabon wurin kai tambaya kullum.

Sai batun magani. Mun san ana ba yara irin su sertraline da fluoxetine, kuma sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Amma iyaye da sun ga mako biyu shiru sai su tsayar da shi farat ɗaya. Wace alama za mu ce su sa wa ido a makonnin farko, musamman rashin natsuwa ko maganar cutar da kai?

Ga kuma tsoron bakin mutane. Iyaye da yawa sun gwammace su zauna da matsalar da a ce an kai ɗansu asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. A wane mataki ne za mu dage lallai sai an ga likitan ƙwaƙwalwa, a can ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo? Muna roƙon ka amsa a shirin, don iyayen su ji daga bakinka.

Allah ya ƙara basira. Wassalamu alaikum.

Naka,
Wasu ma'aikatan jinya da malamai, Sakkwato