Wasiƙa zuwa ga aminina da ke Manchesta

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya kuma sanyin Ingila? Mu nan hazo ya sauka, kowa na fama da tsagewar leɓe.

Saƙonka ya iso. Na yi hamdala da likitoci suka gano galahanga ce, wato lalurar da Turawa ke kira autism, ba taurin kai ba, ba kuma iska ba kamar yadda wasu 'yan unguwa suka riƙa faɗa tun muna yara. Sai dai labarin zamanka da likitar ƙwaƙwalwa bai kwanta mini ba. Ka ce kana shiga ka yi ta "to, to", ka tilasta wa kanka kallon idonta, ka fito kai na sarawa, ka wuni ba ka iya tanka wa kowa. Haba! Ka je neman sauƙi, ka dawo da wata gajiyar?

Na san mafarin abin. Da kara da kawaici aka tashe mu, in likita ya yi magana sai dai a ce "na gode". Can kuwa in ka yi shiru, sun ɗauka komai lafiya lau. A gida sunkuyar da kai ladabi ne, a wurinsu ana iya ɗaukarsa ɓoye-ɓoye. In ba ka faɗa mata ba, ta ina za ta sani?

Ka rubuta a takarda tun daga gida, ka miƙa mata kafin a fara. Ka ce farar fitilar nan mai ƙugi tana hana ka sauraro, a kashe ta. Ka ce kana fin fahimta in kana kallon ƙasa kana jan carbinka, kada ta ɗauka hankalinka ya tafi. Sannan tambayar nan ta "yaya kake ji?" ta yi maka faɗi da yawa. Da yawan masu galahanga na wahala wajen sa wa abin da ke ransu suna, don haka ta tambaye ka ɗaya bayan ɗaya: ka yi barci? Ƙirji na bugawa? Ta kuma jira, ko da amsar za ta yi jinkiri.

Kada ka ga kamar roƙo kake. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa asibitocin can su yi wa masu lalura gyaran da ya dace, kuma hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ce a sauya salon irin wannan zama ga masu galahanga: magana kai tsaye, bayani a rubuce, hutu a tsakani. Akwai ma wani masani, Damian Milton, shi kansa mai galahanga ne, da ya nuna a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangarori biyu yake. Yadda kake wahalar karanta ta, haka ita ma take wahalar karanta ka. To don me nauyin zai zama naka kai kaɗai?

In ta saurara, madalla. In ta dage sai ka koyi kallon ido alhali damuwa ce ta kai ka, ka nemi a canza maka wata ko wani, ba rashin kunya ba ne. In bakin ya yi nauyi, ka tafi da madam ranar farko.

Hajiya na gaishe ka, tana tambayar ko za ku zo babbar Sallah. Ka shafa mini kan yara, ka kuma sanar da ni yadda kuka yi.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya