Kalifar birkin da zafi ya dafa ba ta gyaruwa da fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu motoci da 'yan uwana kanikawa kan wani abu da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato ɓarnar da zafi ke yi wa kalifar birki a motocin da aka yi gudu da su a filin tsere. Kalifa ita ce ƙarfen da ya rungumi faifan birki a bayan taya, wanda ke matse faifan idan aka taka birki.

Kwanakin baya wani matashi ya kawo garejina wata mota mai ƙarfin inji da ya saya daga Turai, ya ce abin da kawai yake so shi ne a fesa wa kalifofin gaba jan fenti, domin sun rine sun koma ruwan ƙasa alhali na baya suna nan jajaye. Na roƙe shi ya bari in kwance su tukuna. Da na kwance, sai na tarar robar da ke kare fistin (ƙarfen da man birki ke turawa a cikin kalifa) daga ƙura ta ƙone ta tsattsage, fistin guda ya maƙale, man birkin kuma ya yi baƙi. Da na bi umarninsa, da ya fita da mota mai kyan ɗan maciji.

A Turai da Amurka, mutum yana iya biyan kuɗi ya shiga filin tsere da motar da yake zuwa aiki da ita, ya yini yana gudu. Filin Nurburgring na ƙasar Jamus, wanda zagayensa na arewa ya kai kimanin kilomita 20.8, yana buɗe wa jama'a ƙofa a ranakun da aka keɓe, kuma akwai irinsa da yawa. Irin waɗannan motoci ana sayar da su daga baya kamar kowace mota, wanda ya saya kuwa ba ya ganin tarihin birkinsu a takarda. Masu zuwa waɗannan filaye sun san cewa jan fentin kalifa, har da na manyan kamfanoni irin su Brembo, yana komawa ruwan ƙasa idan ya sha zafi sosai, kuma suna ɗaukar wannan rinewa a matsayin shaidar abin da ya faru a ciki.

Birki ba ya yin komai face mayar da gudun mota ya zama zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan aka tsayar da ita cak daga gudun kilomita 200 a awa, zafin da birkinta zai haɗiye a cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya kai ruwa kimanin lita bakwai ga tafasa. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin yana ninkawa sau huɗu ne, kuma mafi yawansa a birkin gaba yake sauka. A titin gari birki yana samun hutu tsakanin taki da taki, amma a filin tsere kwana na bin kwana, direba yana sake taka birki da dukkan ƙarfinsa tun zafin farko bai fita ba, har faifan birki ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Faifan an yi shi ne domin ya jure wannan. Kalifa kuwa, wadda ta rungumi faifan, a cikinta akwai roba da mai, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke jure irin wannan zafi.

A nan ne nake so 'yan uwana kanikawa su tsaya su duba da kyau. Kowane fistin yana da roba biyu. Ta waje ita ce ke hana ƙura da ruwa shiga, kuma ita ce ta fi kusa da wutar, don haka ita ke fara ƙonewa. Da zarar ta tsage, ƙura da danshi za su shiga su haifar da tsatsa. Ta ciki ita ce ke riƙe mai, amma tana da wani aiki na biyu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan aka taka birki tana ɗan lanƙwasawa, idan aka saki sai ta koma yadda take ta janye fistin baya kaɗan, domin fad, wato takalmin birkin da ke matse faifai, ya saki faifan. Robar da zafi ya busar ta rasa wannan taushi. Saboda haka fad zai ci gaba da gogar faifai ko da ƙafar direba ba ta kan birki, gogar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara busar da robar. Mai motar zai ga tana jan gefe guda, ko tana shan mai fiye da da, ko taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, ba tare da ya danganta abin da kalifa ba.

Man birki shi ma yana da iyakarsa, kuma ana rarraba shi aji-aji da sunan DOT. Ƙa'idar DOT 3 ta tanadi cewa sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. Sai dai waɗannan mayuka suna tsotsar danshi daga iska, kuma idan ruwan da ke ciki ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar DOT 4 tana saukowa zuwa digiri 155. Idan mai ya tafasa a cikin kalifa yana zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, shi ya sa birki ke yin laushi ya nutse har ƙasa ba tare da ya kama ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan motar ta huce birkin yana dawowa kamar babu abin da ya faru, sai direba ya ɗauka matsalar ta wuce. Mu kuwa a nan mun saba da ciko kawai, sau da yawa daga kwalbar da aka buɗe tun watanni, alhali kamfanonin mota da dama suna cewa a zubar da man gaba ɗaya a sa sabo duk shekara biyu.

Jikin kalifar ma ba ya tsira. Manyan kalifofin motocin gudu galibi na alminiyum ne, wanda ƙarfinsa ke raguwa idan ya daɗe yana shan zafi mai yawa, har kalifar ta riƙa buɗewa kaɗan idan aka matsa mata, fad ya riƙa cinyewa a karkace. Wadda ta kai wannan hali sai dai a canza ta.

Masu shiga filin tsere da suka san abin da suke yi suna sa sabon mai kafin su shiga, suna sa fad da aka yi domin zafi, wasu suna jan bututun iska daga gaban mota zuwa faifai, suna kuma manna wa kalifa 'yar takardar da ke canza launi domin ta nuna iyakar zafin da ta kai. Kafin su tsaya sukan yi zagaye guda a hankali, kuma ba sa jan birkin hannu faifai na da zafi. Matasanmu da ke wasan mota a filaye da wuraren biki suna gana wa birki azaba mai kama da wannan ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba. Haka ma direban da ya sauko gangaren Hawan Kibo a Jihar Filato da kaya, ƙafarsa a kan birki tun daga sama maimakon ya sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, yana dafa mai da robar kalifarsa ne ta hanya guda.

Roƙona ga kanikawa shi ne, duk kalifar da ta rine a kwance ta, a canza robobinta na dama da na hagu tare, a duba fistin ko ya yi tsatsa ko zane, a zubar da tsohon mai gaba ɗaya. Kada a wanke robobin da fetur, kada kuma a shafa musu giris na yau da kullum ko baƙin mai, domin irin robar da ake yin su da ita tana kumbura idan ta haɗu da man fetur da danginsa. Man birki mai tsabta ko giris ɗin da aka yi musamman domin birki shi ake shafawa. Matashin da na ambata ya amince aka yi wa motarsa wannan aiki, kuma na shawarce shi ya bar kalifofin da launinsu na ruwan ƙasa, domin duk bakaniken da zai taɓa motar bayana ya san inda zai fara dubawa.

Wassalam,
Wani bakanike daga Kano